Gwajin Matsi ko Gwajin Zurarar Iska: Wanne Ya Kamata a Yi Kafin a Sauke Injin da Ke Shan Baƙin Mai?

Idan mota ta haura kilomita 200,000, ba abin mamaki ba ne mai ita ya lura baƙin mai yana raguwa tsakanin juye da juye, alhali babu ko ɗigo a ƙasa inda take kwana. Shawarar da aka fi saurin bayarwa a irin wannan hali ita ce a sauke inji a sauya zobban fistan, waɗanda makanikai ke kira ringi, kuma abin da ke damuna shi ne yadda ake yanke wannan hukunci mai tsada tun kafin a ɗora wa injin ko da na'urar awo guda ɗaya. Akwai gwaji iri biyu da ake yi wa silinda ba tare da an buɗe inji ba, wato gwajin matsi da gwajin zurarar iska. Kowannensu yana da tambayar da yake amsawa, amma babu ɗaya daga cikinsu da ke auna shan mai kai tsaye, kuma rashin sanin wannan shi ke sa a buɗe injin da bai kamata a taɓa ba, ko a wanke wanda yake da laifi.

Dalilin haka yana jikin fistan. A yawancin injinan mota fistan yana ɗauke da zobba uku. Na sama da na tsakiya su ke tare iskar da aka matse da wadda ta ƙone don kada ta sulale ƙasan inji, ko da yake na tsakiyan yana ɗan taya share mai. Na ƙasa kuwa aikinsa dabam ne, domin shi ke kankare man da ya fantsama a bangon silinda ya mayar da shi kaskon mai ta wasu ƙananan ramuka da ke jikin fistan. A can sama kuma, a kan wuyan kowane bawul, wato ƙofar da ke buɗewa iska ta shiga silinda ko hayaƙi ya fita, akwai wata 'yar roba da ake kira sil, wadda ke hana man da ke yawo a kan inji gangarowa cikin silinda. Duka gwaje-gwajen biyu suna duba zobban sama da bakin bawul da gaskit ɗin da ke liƙe tsakanin kan inji da silindoji ne, ba ruwansu da zoben mai na ƙasa, ba ruwansu da sil ɗin bawul, alhali waɗannan biyun su suka fi yawan jawo shan mai a tsohon inji.

Saboda haka matakin farko ba ya buƙatar makaniki. A ajiye mota a wuri mai daidaito, a kashe ta a jira minti biyar zuwa goma man ya koma ƙasa, a cika shi zuwa alamar sama ta sandar awo, sannan a rubuta lambar kilomita. Bayan tafiyar kilomita 1,000 a koma wurin nan a sake aunawa ta hanya ɗaya, a ga adadin man da aka ƙara kafin ya koma alamarsa. A yawancin ƙananan motoci tazarar da ke tsakanin alamar ƙasa da ta sama kimanin lita ɗaya ce. Littattafan jagora na motocin Toyota da dama sun sanya lita 1 a kilomita 1,000 a matsayin iyakar shan mai, na Volkswagen kuma sun ambaci rabin lita a wannan tazara. A ganina waɗannan iyakoki suna da faɗi ƙwarai, domin lafiyayyen inji ba ya kusantar su, amma suna nuna cewa tsohon injin da ke shan lita ɗaya a kilomita 4,000 ko 5,000 bai kai matsayin da za a buɗe shi ba.

Kafin a je ga silinda a kawar da abubuwa masu sauƙi. A wanke inji a duba yoyo, domin man da ke tsatsafowa daga sil ɗin karanshaf, wato babbar sandar da fistan ke juyawa a ƙasan inji, ko gaskit ɗin murfin bawul sau da yawa sai mota tana gudu yake fita, iska ta kwashe shi. A duba bawul ɗin numfashin inji mai suna PCV, wanda idan ya maƙale yakan zuƙe mai ya kai shi hanyar iska, ko ya tara matsi a ƙasan inji har mai ya riƙa ɓullowa ta sil. Idan injin yana da turbo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, a cire tiyon da ke fitowa daga gare shi a ga ko mai ya taru a ciki.

Gwajin matsi

Wannan shi ne gwajin da aka fi sani, kuma kayan aikinsa geji ɗaya ne mai tiyo da ake ɗaurawa a ramin fulogi. Ana ɗumama inji, a cire dukkan fulogai, a katse wuta da fetur, a buɗe totur gaba ɗaya, sannan a murza sitata har injin ya yi bugu huɗu zuwa shida allurar geji ta daina hawa. Ana yin haka ga kowace silinda da adadin bugu iri ɗaya. A yawancin injinan fetur masu lafiya ana samun tsakanin 125 da 180 a ma'aunin matsi na psi, wato kusan 9 zuwa 12 a ma'aunin bar, kuma abin da ya gaza psi 100 ana ɗaukarsa rauni. Injin dizal yana da nasa geji, domin matsinsa ya ninka na fetur fiye da sau biyu, kuma ta ramin nozul ko na fulogin ɗumi ake shiga.

Lambar kanta ba ta kai bambancin da ke tsakanin silindoji muhimmanci ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada mafi ƙanƙanta ta gaza mafi girma da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. A ɗauki misali injin silinda huɗu ya ba da 165 da 160 da 170 da 110: uku suna tafiya tare, ta huɗun ce ke da matsala. A nan sai a zuba mai kaɗan, kimanin mililita 5 zuwa 10, ta ramin fulogin wannan silinda a sake gwadawa. Idan lambar ta yi tsalle zuwa 150, man ya toshe giɓin da ke tsakanin zobba da bango na ɗan lokaci, ke nan zobban ko bangon silinda sun ci. Idan ba ta motsa ba, iskar ta sama take gudu, ta bakin bawul da ya ƙone ko ta gaskit. Idan kuma silindoji biyu masu maƙwabtaka ne suka faɗi tare da lamba kusan ɗaya, gaskit ɗin da ke tsakaninsu shi ne abin zargi na farko. Ba a zuba mai irin wannan a injin dizal, saboda matsinsa yana iya kunna man, kuma ɗakin ƙonarsa ƙarami ne da ɗan ruwa kaɗan zai iya lanƙwasa sandar fistan.

Ƙarfin wannan gwaji shi ne sauri da sauƙi, kuma yana duba injin yana juyawa, don haka yana kama abin da ɗayan gwajin ba ya gani. Idan bel ko sarkar da ke daidaita lokacin bawul ta tsallake haƙori, duk silindoji za su ba da lamba ƙasa-ƙasa iri ɗaya ko da zobba da bawul lafiya lau suke. Rauninsa kuwa abubuwa da yawa na waje suna shafar sa. Batir mai sanyi yana rage lamba domin injin ba ya juyawa da sauri, totur a rufe yana rage ta, tsayin wuri ma yana rage ta da kimanin kashi 3 cikin 100 a kowace mita 300 sama da teku. Ta ɗaya ɓangaren kuma baƙin gawayin da ya taru a kan fistan yana ƙanƙanta ɗakin ƙona ya ɗaga lamba. Abin da ya fi dukkan waɗannan yaudara shi ne injin da ke shan mai kullum silindarsa a jiƙe take, tamkar an riga an zuba masa man gwajin, don haka yana iya ba da lamba mai kyau ƙwarai saboda ainihin cutar da ake nema. Makanikin da ya ga 175 a kowace silinda ya ce zobba ba su da laifi ya faɗi gaskiya game da zobban sama kaɗai.

Gwajin zurarar iska

A wannan gwaji injin a tsaye yake. Ana juya karanshaf da hannu har fistan ya kai ƙololuwar sama a bugun matsi, lokacin da duka bawul suke a rufe, sannan a tura iska daga kwamfiresa ta ramin fulogi, yawanci psi 80 zuwa 100. Na'urar tana da geji biyu, ɗaya yana nuna iskar da aka tura, ɗayan yana nuna wadda silinda ta iya riƙewa, kuma bambancinsu shi ne kason zurara. Babu injin da ba ya zurar da iska, domin kowane zobe yana da 'yar tsaga a bakinsa. Ƙasa da kashi 10 cikin 100 alama ce ta inji mai ƙarfi, har zuwa kashi 20 abin karɓa ne a tsohuwar mota, abin da ya haura kashi 30 kuwa lalacewa ce da ba ta buƙatar gardama.

Fifikonsa na gaskiya yana ga kunne, domin iskar da ta gudu dole ta fita ta wani wuri, kuma ana jin ta. Idan huci yana fitowa ta bakin totur, bawul ɗin shigar iska ne bai zauna ba. Idan ta salansa yake fitowa, bawul ɗin fitar hayaƙi ne. Idan ta murfin zuba mai ko ramin sandar awo aka ji shi da ƙarfi, zobba ne ko bangon silinda. Idan ruwan lagireto ya fara kumfa, ko iska ta ɓullo ta ramin fulogin silindar da ke kusa, gaskit ne ko kan inji ya tsage. Gwajin matsi yana cewa akwai ɓaraka, wannan kuwa yana nuna ƙofar da ta ɓalle, kuma wannan bambanci shi ke raba aikin da zai tsaya a kan inji da wanda zai kai ga sauke shi dungurungum.

Shi ma yana da nasa iyaka. Yana cin lokaci, yana buƙatar kwamfiresa da hannu mai haƙuri, kuma idan fistan bai tsaya daidai a ƙololuwa ba iskar za ta tura shi ƙasa da ƙarfi, shi ya sa ba a barin sifana a jikin karanshaf yayin da ake buɗe iska. Yana auna silinda a wuri ɗaya ne kawai, can sama, don haka karce da ke tsakiyar bango yana iya kuɓuce masa. Na'urorin ma ba su zama ɗaya ba, wani kamfani nasa yana nuna kaso sama da na wani a kan silinda guda, saboda haka kwatanta silindoji da na'ura ɗaya ya fi riƙe lamba ɗaya tak amfani.

Idan an ce in zaɓa, ga yadda nake kallon su. Motar da ke karkarwa, ko ta rasa ƙarfi, ko take wahalar tashi, gwajin matsi za a fara yi mata, kuma idan duk silindoji sun fito daidai babu dalilin wahalar da kai da na biyu. Idan wata silinda ta faɗi, kada a amince a kwance ko ƙusa ɗaya sai an yi gwajin zurara. Motar da ke tafiya sumul kuma shan mai ne kaɗai kukanta, sakamako mai kyau daga gwaje-gwajen biyu labari ne mai amfani ƙwarai, amma ma'anarsa ita ce a karkata bincike zuwa zoben mai da sil ɗin bawul.

Misalin da ya shahara a wannan fanni shi ne injin Toyota mai lita 2.4 da ake kira 2AZ-FE, wanda ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009 da RAV4 ta 2006 zuwa 2008. Da yawa daga cikinsu sun riƙa shan mai sosai suna kuma tafiya lafiya, domin matsalar tana wajen zoben mai da ramukan mayar da mai na fistan, kuma a 2011 kamfanin ya fitar da sanarwar gyara wadda maganinta shi ne sauya fistan da zobba. Irin wannan inji geji ba zai tona asirinsa ba. Abin da ke tonawa shi ne lokacin da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ke fita. Idan da safe ne a tashin farko, ko bayan mota ta daɗe tana aiki a tsaye, ko bayan doguwar gangara da aka ɗaga ƙafa daga totur sannan aka sake takawa, sil ɗin bawul ne, domin a waɗannan lokuta man yana gangarowa ko injin yana zuƙo shi ta wuyan bawul. Idan kuwa hayaƙin yana ƙaruwa ne yayin da aka taka totur mota tana jan nauyi, zobba ne. Sai dai motocin zamani suna da katalis a hanyar salansa wanda ke ƙone yawancin hayaƙin, don haka rashin ganin hayaƙi ba shaida ba ce. Fulogi ya fi faɗin gaskiya, domin wanda ya yi baƙi da maiƙo ko ya tara toka mai kauri yana nuna silindar da ke ƙona mai, kuma 'yar kyamarar da ake zurawa ta ramin fulogi tana nuna fistan da mai ya wanke gefensa da bangon da ya karce.

Gyara huɗu da abin da kowanne ya dace da shi

Zaɓi na farko shi ne a bar injin a riƙa ƙara mai, kuma ba na ganin wannan a matsayin sakaci idan lissafi ya goyi bayansa. Motar da ke shan lita ɗaya a kilomita 2,000, tana kuma yin kilomita 15,000 a shekara, lita bakwai da rabi za ta ƙara ci a shekarar, kuma mai ita zai iya kwatanta wannan da kuɗin buɗe inji da sauran shekarun da yake sa ran motar za ta yi. Sharaɗin shi ne matsi ya zama daidai, fulogi ba ya mutuwa, kuma a riƙa duba sandar awo duk mako, domin abin da ke kashe irin wannan inji shi ne ranar da man ya ƙare ba a sani ba. Ƙari ba ya maye gurbin juye, tunda dattin yana nan a ciki. Akwai kuma asarar da ba a gani nan take, wato sinadaran zinki da fosfaras da ke cikin mai suna kashe katalis da na'urar auna iskar salansa a hankali. Game da mai kauri, hawa mataki ɗaya, kamar daga 5W-30 zuwa 5W-40 ko 10W-40, yana iya rage sha a injin da ya saki, matuƙar littafin motar ya yarda da shi. Tsallakawa zuwa 20W-50 a injin da ke sarrafa lokacin bawul da matsin mai kuskure ne, kuma idan zoben mai ne ya maƙale, kaurin ba ya buɗe ramin da ya toshe.

Zaɓi na biyu shi ne sauya sil ɗin bawul, wanda a injina da yawa ana yin sa ba tare da cire kan inji ba, ta hanyar riƙe bawul da iskar kwamfiresa. Ya dace da injin da matsinsa ke da kyau, zurararsa kaɗan ce, hayaƙinsa kuma na safe ne. Idan ramin da wuyan bawul ke kai da komo a ciki ya faɗaɗa har bawul yana girgiza, sabon sil ba zai daɗe ba, dole a cire kan inji a gyara ramin. Kusa da wannan a sauƙi akwai jiƙa fistan da sinadarin narkar da gawayi ta ramin fulogi, wanda wani lokaci yana sakin zoben da ya maƙale, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye, kuma wajibi ne a fitar da ruwan daga silinda a yi juye kafin a tayar da mota.

Zaɓi na uku shi ne sauya zobba, kuma a nan aka fi yin asarar kuɗi, domin ana yawan yin rabin aikin. Sabon zobe da'ira ce cikakkiya, tsohuwar silinda kuwa ta fi cinyewa a sama, ta kuma ɗan zama ƙwai saboda gefen da fistan ke jingina. Dole a auna faɗinta a sama da tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu, a kwatanta da iyakar da kamfanin ya bayar. Idan tana cikin iyaka, a goge bangon a fitar masa da sabon zane mai giciye wanda ke riƙe mai ya kuma zaunar da zobe. Idan ta wuce, sai an faɗaɗa ta an sa fistan mai ƙarin girma, yawanci milimita 0.25 ko 0.50. Wasu injinan alminiyam bangonsu yana da shafe na musamman, irin su Nikasil, kuma ba a goge su da dutsen da aka saba. Haka nan idan aka mayar da tsohon fistan ba a buɗe ramukan mayar da mai ba, an sa sabon zobe ne a kan tsohuwar cuta. Kafin a amince da wannan aiki ina ba da shawara a auna matsin mai da geji inji yana da zafi, domin idan ya yi ƙasa, ko ana jin ƙwanƙwasa daga ƙasan inji, metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, da karanshaf ɗin ma sun gaji, kuma aikin ya tashi daga sauya zobba ya koma sabunta inji gaba ɗaya.

A wannan gaɓa ce zaɓi na huɗu, wato sayen wani injin da aka yi amfani da shi, yake fara rinjaye, musamman idan babu wurin da aka amince da awonsa da aikin faɗaɗa silinda. Yana da sauri, kuma ana samun injin da hannun masana'anta ya haɗa, amma tarihinsa a rufe yake, kuma idan irin injin yana da aibi tun daga ƙira, wanda aka sayo yana iya ɗauke da shi. A nan gwajin zurarar iska ya yi wa na matsi nisa, domin ba ya buƙatar batir ko sitata, ana yin sa injin yana ajiye a ƙasa. Za a samu kason ya ɗan hau saboda ƙarfen yana da sanyi, don haka daidaiton silindoji za a fi dubawa. Bayan haka a cire fulogai a jera su bisa tsarin silinda, a leƙa ramukan fitar hayaƙi a ga ko akwai wanda ya jiƙe da mai, sannan a buɗe murfin bawul. Idan ƙarfen ciki yana da launin zuma mai haske, an riƙa yi wa injin juye a kan kari, idan kuwa baƙin dasƙararren mai ya lulluɓe shi, akwai yiwuwar zoben mai na ƙasa ya riga ya toshe, kuma gara a bar wannan injin a duba na gaba ko da gejin zurara ya nuna kashi 8 kacal.